Fetur ko dizal? Amsa ga mai shirin sayen motar hannu

Wani malamin makaranta daga Kano ne ya aiko da tambaya. Ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi motarsa ta farko, dillali ya nuna masa guda biyu. Ɗaya Corolla ce ta 2009 mai shan fetur, an hau ta a nan gida. Ɗayar ƙirar Jamus ce ta 2012 mai shan dizal, 'yar Beljiyam, ba a daɗe da sauke ta ba. Ta fi kyau, ta fi faɗi, kuma kuɗinta bai kai na Corollar ba. Dillalin ya ce masa wannan ba shan mai take yi ba, shinshinawa take yi. Zirga-zirgarsa ba ta wuce daga gida zuwa makaranta, kamar kilomita 8, sai cefane, sai kuma sau ɗaya a wata ya kai iyali Katsina. Ya ce wacce zai ɗauka?

Malam, in ba ka amsa kafin bayani: a irin hawan da ka siffanta, ɗauki mai fetur ɗin, matuƙar ta ci jarrabawar bakanike. Ba don ina ƙin dizal ba. Rabin rayuwata a gareji a kan injin dizal na yi shi, kuma har gobe in aka ce in zaɓi injin da zan shiga daji da shi, dizal zan nuna. Sai dai ba wanda ke cikin wannan motar da aka nuna maka ba.

Dillalinka bai yi maka ƙarya ba, rabin magana ya faɗa. Injin fetur yana gauraya mai da iska ne, fulogi ya ƙyasta wuta. Injin dizal ba shi da fulogin wuta. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da in nozul ya fesa mai a ciki zai kama da kansa. Na fetur yana matse iskar kamar sau 9 zuwa 11, na dizal sau 15 zuwa sama da 20, kuma wannan matsar ita ke sa ya tatsi ƙarfi mai yawa daga kowane ɗigo. Ga shi kuma ita kanta litar dizal ta fi ta fetur ɗauke da ƙarfi da kamar kashi 10 cikin 100 ko fiye. In ka haɗa biyun, motoci biyu masu girma ɗaya, mai dizal takan sha kusan kashi uku cikin huɗu na abin da mai fetur za ta sha, musamman a doguwar hanya. Wannan ba gardama a kai.

Amma lita ba kuɗi ba ce, sai an yi lissafi. A Najeriya an daɗe da cire hannun gwamnati daga farashin dizal, fetur kuwa aka ci gaba da tallafa masa. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar dizal ta haura naira 700 alhali fetur a farashin gwamnati bai kai 200 ba. Duk wanda ke da ƙaramar mota mai dizal a shekarar nan ya ji a jikinsa, da yawa jingine su suka yi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, sai tazarar ta tsuke. Kafin ƙarshen 2024 fetur ya taɓa naira dubu ya wuce a gidajen mai da dama, matatar Ɗangote kuma ta fara fitar da dizal a farkon shekarar, fetur a watan Satumba. Shi ya sa yanzu mutane suka fara waiwayar motocin dizal, shi ya sa ma ka yi tambayar.

To mu ɗauki misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don lissafi, ka sauya su da farashin gidan man unguwarku. A ce Corollar tana shan lita 8 a kilomita 100, mai dizal tana shan 6. Kai da wuya ka wuce kilomita 1,000 a wata, har da zuwa Katsina da dawowa. Wato lita 80 ke nan da lita 60. In fetur naira 1,000 ne, dizal 1,200, ka kashe 80,000 a wannan, 72,000 a waccan. Rarar 8,000 a wata, ba ta kai 100,000 a shekara ba. Da zarar dizal ya fi fetur tsada da kashi ɗaya cikin uku, rarar ta ƙare ƙaf. Shi kuwa direban haya da ke cinye kilomita 6,000 a wata, da wannan lissafin rarar 48,000 yake da ita duk wata, ka ga shi zancensa daban ne. Riƙe wannan dubu 96 ta shekara a ranka, za mu auna ta da kuɗin gyara.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, in an ce dizal, abin da ke zuwa musu a rai shi ne Marsandi 200D ta da, ko Land Cruiser mai injin 1HZ, ko Hilux da Hiace masu 5L. Waɗannan su suka yi wa dizal suna. Famfonsu na ƙarfe ne zalla, ba ruwansu da kwamfuta sosai ko ma sam, matsin man bai wuce ɗaruruwan bar (ma'aunin matsi) ba, su sha man duro su sha na jarka su yi gyatsa su wuce. 1HZ ɗin nan lita 4.2 ne, silinda shida, ba turbo, tun 1990 ake ƙera shi, kuma dalilin da ya sa masu ratsa Sahara da ƙungiyoyin agaji suke riƙe da shi ke nan: bakaniken ƙauye da sifana da guduma zai tashe shi. Ba ya gudu, ba ya wayo, amma ba ya kwana a hanya.

Motar 2012 daga Turai wata halitta ce daban, suna kawai suka haɗa. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma tsarin da famfo ɗaya ke tara mai a bututu guda da matsi mai tsananin gaske, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe nozul tana rufewa sau da yawa a bugu ɗaya. Wanda makanikai ke kira komon rel ke nan. Matsin yakan kai bar 1,600 zuwa 2,000, wasu ma fiye. Ka tuna tayar motarka bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Ramukan bakin nozul ɗin kusan kaurin gashin kai ne, ƙarafan cikin famfon kuma ba abin da ke shafa musu santsi sai shi dizal ɗin kansa. Ma'ana, duk abin da ka zuba a tanki shi ne baƙin man famfonka. In an surka shi da kananzir, santsin ya tafi. In akwai ruwa a ciki, tsatsa ta shiga.

Na taɓa yanka filtar man wata mota irin wannan a gaban mai ita, don ya ƙi yarda da abin da na gaya masa. An jawo ta ne da igiya, ta mutu a tsakiyar titi ba gargaɗi. Na buɗe takardar filtar a rana, sai ga ta tana ƙyalli kamar an barbaɗa mata garin azurfa. Famfon ne ya ci kansa, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga bututu, ya shiga nozul huɗu, ya dawo tanki. Irin wannan ba a gyara ɓangare ɗaya. Famfo, nozul duka, bututu, a sauke tanki a wanke, in ka bar ƙwaya ɗaya ta garin nan sabon famfon ma haka zai bi. Da na tambaye shi inda ya sha mai na ƙarshe, ya ce a hanya ne dare ya yi masa, ya saya a wurin 'yan bumburutu. Galan biyu. Kuɗin da ya kashe ya haɗiye rarar man shekaru, kuma motar ta yi makonni a gareji ana jiran kaya daga Legas. Da mai fetur ce ta sha gurɓataccen mai, yawanci shiƙa za ta yi ta yi, a zubar da man, a sauya fil famfo da fulogi, a wanke injekta, da yamma ka tafi gida.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne ya fi shafarka, saboda irin hawanka. Daga 2009, da dokar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki a Turai, kusan duk ƙaramar motar dizal sai da aka sa mata matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Aikinta ta tare baƙin kunkunniyar da injin ke fitarwa. In ta cika, kwamfuta takan ƙara fesa mai don salansa ta yi zafi har kusan digiri 600, ta ƙone abin da ta tara. Wannan ƙonawar tana son a yi tafiya mai ɗorewa, minti 15 zuwa 20 ko fiye, injin da zafinsa, ba tsayawa. Kai kuwa kilomita 8 ne, rabinsu a cunkoso, ga danja ga 'yan adaidaita. Kafin injin ya gama ɗumama ka iso makaranta ka kashe. Gobe ta sake gwadawa, ka sake kashewa. Man da take fesawa don ƙonar, wani yana zurarewa ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai. Sai ka zaro sandar awo ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ka yi murna, alhali tsinkewa ya yi. Daga nan fitila ta kama a dashbod, motar ta ƙi wuce wani gudu, sai ka ce an ɗaure mata ƙafa. Zuwa Katsina sau ɗaya a wata zai taimaka, amma ba lallai ya wanke kwana 29 na cikin gari ba. Ko a can Turai shawarar da ake ba masu gajeriyar tafiya ke nan: kada su sayi dizal.

Sannan an ƙera waɗannan motocin ne don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, haka dokar Turai take tun 2009. Mu nan shekaru da yawa ƙa'idarmu ta dizal kashi 3,000 cikin miliyan ce. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan irin man da 'yan kasuwar Turai ke turowa Afirka, ya ta da ƙura sosai, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a dawo da shi 50. An samu ci gaba. Amma abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke cikin tankin ƙasa na wani gidan mai a kan hanyar ƙauye daban. Farar wuta tana ƙara toshe matatar, tana saurin lalata baƙin mai, shi ya sa tazarar juyen mai da littafin motar ya rubuta don Jamus ba za ta yi maka aiki a nan ba. Kuma ba kowane baƙin mai take sha ba, akwai nata mai ƙarancin toka, irin mai alamar C3, wanda ya fi tsada kuma jabunsa ya fi na gaskiyar yawa a kasuwa. In motar ta 2015 ce zuwa sama, ta Euro 6, akasari akwai ƙarin tanki na ruwan tsaftace hayaƙi da ake kira AdBlue, wanda in ya ƙare wasu motocin ba za su tashi ba sam.

Za a ce maka ai cirewa ake yi. Gaskiya ne, ana cirewa: a farke salansa a kwashe matatar, a toshe bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, a shiga birenbos, wato kwamfutar motar, a goge su. In gwani ya yi, motar takan zauna lafiya. In ɗan koyo ya yi, kwamfutar ta ci gaba da fesa mai tana neman ƙona matatar da babu ita. Ni dai ba na son aikin, kuma ba tsoron wani jami'i ba ne. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta WHO ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Wanda zai shaƙa shi ne ɗan acaɓan da ke bayanka da yaran da ke tsallaka titi a ƙofar makarantarku.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa mota ta 2012 'yar Beljiyam ta fi Corolla ta 2009 da aka hau a gida araha? Akwai lokacin da fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Turai masu dizal ne. Sai ga badaƙalar Volkswagen a Satumbar 2015, da hukumar muhalli ta Amurka ta gano an sa wa motoci dabarar yaudarar gwajin hayaƙi. Daga nan kasuwar dizal ta fara faɗuwa, birane suka fara hana tsofaffinsu shiga wasu tituna, Hambug ta Jamus ta fara a 2018. Motocin da aka rasa mai saye a can su ne ke hawa jirgin ruwa. Kuma Bature ba ya sayen dizal sai in mai cin dogon zango ne, don haka da wuya ka ga wadda ba ta ci hanya ba. Agogo zai nuna maka kilomita 140,000, sitiyari da fedar birki da gefen kujerar direba suna ba da wani labarin. A nan gida kuma dillalai sun san ba kowa ke taya ta ba, shi ya sa suka karya kuɗin. Ranar da za ka sayar, kai ma haka za a karya maka. Corolla kuwa ko da tsakar dare ka ce za ka sayar, kafin asuba an kawo kuɗi. Araha ba ta ado, Malam.

Sai maganar wa zai gyara. Yawancin tokumbon da ke shigo mana daga Amurka ne, can kuma ƙananan motoci kusan duk fetur ne, don haka hannun makanikanmu a kan fetur ya faɗa. Shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ta Kaduna ka nemi kwayil ko fil famfon Corolla, kafin ka rufe baki yara uku sun kawo maka, sabo da na Beljiyam, ka zaɓa. Nemi nozul ɗin komon rel na wannan motar mai lamba daidai, sai a ce a kira kasuwar Ladipo ta Legas. In ya zo, a yawancinsu sai an shigar da lambarsa cikin kwamfutar motar, kuma masu injin gwajin irin wannan nozul ɗin ba su da yawa, a manyan birane suke. Masu gyaran famfon tirela da tifa gwanaye ne a fanninsu, amma na sha ganin an kai musu na zamani sun buɗe shi a kan buhu, a ƙasa, iska na kwaso ƙura. Abin da ake buɗewa a ɗaki mai tsabta kamar na tiyata. Ko Hilux da Hiace da suka cika titunanmu, in ka ɗaga bonet yawanci injin fetur ne mai lita 2.7, ba don masu su ba su san dizal ya fi jan kaya ba.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ke kashe waɗannan motocin a hankali: da mota ta sauka sai a ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Kuskure ne ko a mai fetur, yana ƙara mata shan mai da cin ringi. A dizal mai matata kuwa ya fi muni, don in injin bai kai zafin da kwamfuta ke jira ba, ba za ta fara ƙonar ba ko Maiduguri ka je.

Wani ƙaramin abu da ba a kawo shi a lissafi: yaron gidan mai. Idonsa ya saba duk ƙaramar mota fetur take sha. Ka tsaya kana waya, ka ce a zuba na dubu goma, ya zura maka fetur. Bakin famfon fetur ya fi na dizal siranta, yana shiga ba gardama. In hakan ta faru kada ka ko murɗa makulli, don a yawancinsu da an kunna wuta famfon tanki ya fara tura mai. A tura ta gefe a zuƙe tankin. Ga kuma rikicin suna da ya ƙaru: mu da "gas" muke kiran dizal, yanzu ga gas na gaske ya shigo.

Shi ma gas ɗin wani nauyi ne a ma'aunin fetur. Tun 2023 gwamnatin tarayya ke tura shirin CNG, wato tafiyar da mota da iskar gas, kuma injin fetur ne ke karɓar juyin cikin sauƙi, don yana da fulogin da zai kunna iskar. Ka riƙa tafiya da gas, in ya ƙare ka danna maɓalli ka koma fetur. Injin dizal ba ya juyuwa haka, sai dai a haɗa masa biyun yana shan dizal yana ƙarawa da gas, aiki ne mai tsada da ya fi dacewa da manyan motoci. Wuraren ɗurawa ba su wadata a Arewa ba tukuna, amma wanda ya sayi mai fetur ya bar wa kansa ƙofa. In ka tashi yi, tukunyar tana ɗaukar matsin bar 200, ba aikin mai walda ba ne.

To wa ya kamata ya sayi dizal? Wanda motarsa ke kwana a hanya: Kano zuwa Abuja sau biyu a mako, ko jigilar kaya daga Dawanau, ko mai gona da ke jan buhuna a yashi da taɓo. Injin dizal yana ba da ƙarfin ja tun yana ƙasa-ƙasa, ba sai ka taka totur ya yi kuka ba, kuma doguwar tafiya ita ce lafiyarsa. Ko shi ɗin, shawarata ya nemi wanda aka ƙera don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa, don akasari ba matata a ciki, ya riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu ciniki da yawa, ya sauya filtar mai kafin lokacinta, ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindinta. Lokacin hunturu kuma filtar iska, don ƙura ita ke cinye fukafukan turbo. 'Yan'uwanmu na Nijar lissafinsu ya ɗan bambanta, can gwamnati ke yanka farashi, a Yulin 2024 ta mayar da litar esansi (fetur) sefa 499, gazuwal (dizal) 618, kuma sun fi mu sabawa da tsofaffin injinan dizal. Amma maganar matata da gajeriyar tafiya ɗaya ce a Maraɗi da Kano.

In duk da haka zuciyarka na kan 'yar Jamus ɗin, kada ka je kallonta da rana tsaka. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, kai da bakanikenka, ba na dillali ba. Ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi an riga ka, ka dawo gobe. Lafiyayyen dizal, da fitilar hita (mai ɗumama silinda kafin tashi) ta mutu, bugu ɗaya yake tashi. In ya daɗe yana jan kik, ko ya tashi yana rawa da farin hayaƙi mai yaji a ido, nozul ne ko hita ko matsin silinda. Shuɗin hayaƙi baƙin mai yake ƙonawa, turbo ko ringi. Baƙi in an taka, mai ya fi iska yawa. Yana aiki a tsaye, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba: in ɗan motsi yake yi ba laifi, in tsalle yake yana tuttuɗo hayaƙi kamar tukunyar dambu, injin ya gaji. Zura yatsa a bakin salansa tun kafin a tashe ta. Mota mai lafiyayyar matata bakin salansarta fes yake, in yatsanka ya fito baƙi ƙirin, an cire ta ko ta fashe, ko me aka gaya maka. Sunkuya ka shinshina wajen nozul, in kana jin warin hayaƙi ko ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya daskare a gindinsu, zoben da ke toshe gindinsu ya ƙone. In mai giyar hannu ce, saurari ƙarar kaca-kaca lokacin tashi da kashewa, fulawil ɗinsu mai hawa biyu ne kuma ba shi da araha. A ƙarshe a sa mata kwamfuta, ba don a goge fitila ba. A karanta yadda kowane nozul ke gyara kansa, da yawan tokar matata, da kilomita nawa tun ƙonar ƙarshe. Sau da yawa a nan ake kama agogon da aka mayar baya, don mai juyawar ya gyara na dashbod ya manta da wanda wani akwatin ya adana. Ka tambayi yaushe aka sauya taimin bel. In ba takarda, ɗauka ba a sauya ba, ka cire kuɗinsa daga ciniki, don in ya tsinke bawul da fistin ne za su gaisa.

Ita ma Corollar kada sunan ya rufe maka ido, motar da aka hau a gida tana da nata tabon. Tashin sanyi dai shi ne farko. Duba ruwan lagireto, in ja ne ko kore alhamdu lillahi, in ruwan rijiya ne mai tsatsa an daɗe ana cutarta. Leƙa ƙarƙashin murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madarar da ta tsinke, gaskit ya tafi. Ka tabbatar tamostat na nan kuma fanka tana tashi tana tsayawa da kanta. Duba ko an sare indomin salansa, wato abin tace hayaƙin da ke ciki, an sayar, abin ya zama ruwan dare. Murɗa makulli ka ga fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan an tashi, don wasu cire ƙwan suke yi. Ka hau ta har ta yi zafi sosai ka ji yadda giya ke shiga, in tana fizga ko tana jinkiri, ja da baya. Injin wannan shekarar sarƙa gare shi ba bel ba, ka huta da wannan. In asalinta daga Amurka ne, a bincika lambar shasi a intanet, za a ga ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya ta ci ta. Kuma in ana maganar fetur, ina nufin irin wannan mai sauƙin kai. Sababbin ƙananan injinan fetur masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda sun ɗebo rabin laulayin dizal, ba su nake yaba maka ba.

Takardun kwastan, ko wacce ka ɗauka, a tantance su kafin kuɗi ya bar hannunka, musamman 'yar Beljiyam ɗin. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka ka tambayi ta inda ta shigo, ka je ofishin kwastan da kanka a duba lambar. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Ware wani abu na makon farko: juyen baƙin mai da filtoci, fulogi, ruwan lagireto, man giya in ya yi duhu, da taya in shekarunta sun ja, ko da zanenta bai cinye ba. In wata rana aka yi maka sauyin wurin aiki zuwa Dutse kana zuwa kana dawowa kullum, ka sake aiko da tambaya, mu sake buga lissafin da farashin ranar.